Tayil Ɗaya a Kan Teburin Malam Sidi

Abin da na fara gani da muka shiga shagon Malam Sidi shi ne tayil guda ɗaya a kan teburinsa. Ba sabo ba ne. Fari ne mai ɗigo-ɗigon baƙi, irin na tsofaffin gidajen unguwar Hindawiyya a Makka, kusurwarsa ɗaya ta ɓalle, hannu ya goge wurin har ya yi sumul. Na ɗauka takardu yake dannewa da shi saboda fanka, amma da na duba sai na ga babu komai a ƙarƙashinsa. Dutse ne ya danne takardun. Shi tayil ɗin zamansa kawai yake yi, kusa da hannun dama na mai shagon.

Lokacin ina aji biyu a makarantar mutawassiɗ, wato ƙaramar sakandare. Na dawo daga tahfiz bayan la'asar, ko jakata ban ajiye ba Umma ta ce in biyo ta, domin na fi ta karanta Larabci. Yayana Nasiru ya yi wata biyar a gidan yari yana jiran shari'a, a kan wata rigima da aka yi a kasuwar kayan gwari har aka ji wa wani rauni. Yaya Nasiru yana da asma tun yana ƙarami. A ziyarar da muka je ta ƙarshe, sai da ya tsaya sau uku yana jan numfashi kafin ya gama jimla ɗaya, ga watannin zafi sun matso. Abin da Umma take so bai wuce a rage mutane a ɗakinsu ba, ko a mayar da shi inda iska ke shiga.

Malam Sidi ma'arudi yake rubutawa, wato takardar koke da ake kai wa hukuma ko gaban alƙali. Duk Bahaushen da ya daɗe a Makka ya san shi. Shagon ɗan ƙarami ne, benci ɗaya, kujera biyu, a bangonsa na waje an rubuta "izala" da jan fenti, alamar za a rushe layin. A ƙurya jikansa Anas yana zaune da kwamfuta a cinya. Shi ne wata biyu da suka wuce ya buga wa Umma ma'arudi cikin ɗan lokaci, muka kai, ba mu ƙara jin komai ba.

Umma ta durƙusa ta gaishe shi, ta miƙa masa kwafin takardar. Ya saka tabarau, ya nisanta ta da fuskarsa, ya karanta har ƙarshe. Na lura takardar tana rawa a hannunsa.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ni ne, Jaddi," in ji Anas, haka yake kiran kakansa. "Larabcin ba kuskure ko ɗaya. Ka duba."

"Ba kuskure, wallahi. Babu Nasiru a ciki kuma. Ja'iri, ka cire sunan ka sa nawa, ka ga ko wani abu zai canza. Wahala mai tsanani. Yanayi mara kyau. Muna roƙon a dube mu da idon rahama. Wanda zai karanta wannan ya karanta irinta tun safe, har shayinsa ya huce. Me zai tashi ya je ya duba?"

"Ai haka kowa yake rubutawa yanzu. Akwai samfuri, suna kawai ake canzawa."

"Na sani. Rufe wannan abin ka matso, tunda ranar Alhamis zan ba da makulli. Ke ma 'yar makaranta, zauna, benci ba ya cizo."

Abin da zan rubuta a nan ba duka a ranar na ji shi ba. Wani a ranar ya faɗa, wani a kwanakin da suka biyo baya. Na haɗa su ne yadda suka zauna mini a kai.

Aikinsa na farko, in ji shi, jan layi ne. Ya zo Makka yana saurayi tare da mahaifinsa, ya zauna a gaban malamai yana karatun nahawu da niyyar zama malami, sai mahaifin ya rasu, dole ta sa ya nemi sana'a. Wani Bahadarme, mutumin Yaman, mai suna Ammu Salihu ya ɗauke shi. Ammu Salihu yana zama a ƙarƙashin lema kusa da ƙofar kotu, da ɗan teburi mai naɗewa da gwangwanin biskit. A cikin gwangwanin akwai alƙalami biyu, kwalbar tawada, rula, takardar kabon, da kushin dangwale wanda ake jiƙa shi kowace safiya. Gwangwanin yana nan a shagon, na gan shi, hoton furen da ke murfinsa ya kusa gogewa.

"Shekara guda ban rubuta harafi ɗaya ba," in ji shi. "In ja layi da fensir, in naɗe takarda gida uku, in riƙe babban yatsan mutum in dangwala. Shi ma dangwalen koyo ne. Ba dannawa ake ba, mirginawa ake yi daga dama zuwa hagu, sau ɗaya. Tsohuwa in ta ji tsoro sai yatsanta ya sandare, sai ka tambaye ta jikokinta nawa, yatsan ya saki. Idan mai koke ya tafi, Ammu Salihu zai juyo ya ce, Sidi, me ya zo nema? Layi ɗaya. In na yi biyu ya ce ban ji ba. Mutum zai yi sa'a guda yana ba ka labarin kafilinsa, uban gidan da ya tsaya masa, da surukinsa da ciwon bayansa, alhali fasfonsa kawai yake so a ba shi. Kunne ne sana'ar nan. Alƙalami daga baya yake zuwa."

Anas ya ce, "To ai ni ma ina ji."

"Kana ji da abu a toshe a kunne? Sau nawa ka ɗaga kai ka dubi Hajiya ranar da ta zo?"

Anas ya yi dariya ya sosa ƙeya. Umma ta sunkuyar da kai.

Masu zuwa wurinsu iri-iri ne. Magina da aka riƙe wa takardu, matan da mazansu suka mutu iƙamarsu, wato takardar izinin zama, ta tsaya, ɗalibai 'yan Arewa da ke neman ƙarin wa'adi, direbobin tasi daga unguwar Utaibiyya. Ya ce duk waɗannan da sauƙi, domin mai matsalar yana gabanka, kana ganin fuskarsa. Mafi wuya shi ne koken 'yan gidan yari. Mai koken yana bayan ƙofa, wanda ya zo maka uwa ce ko mata, ita ma ta cikin gilashi ta gan shi na ɗan lokaci, kuma shi ba zai faɗa mata gaskiya duka ba don kada ta kasa barci. Da idon wani kake rubutu, a kan ɗakin da ba ka taɓa shiga ba.

Sai ya ɗora tafin hannunsa a kan tayil ɗin.

Wani magini ne, Garba, mutumin Maraɗi, ya zo musu kwana biyu da fitowarsa. Ya yi wa waɗanda ya baro a ɗaki alkawarin zai kai kukansu. Lokacin Malam Sidi ya fara rubutu, Ammu Salihu ya ce ya gwada. Garba yana magana yana share ido da hannun riga, shi kuwa yana zuba Larabci, ya cika shafi biyu, har da saja'i, jimloli masu amsa-amo. Ammu Salihu ya karanta, ya ce masha Allah, ya yage ta gida huɗu ya sa a aljihu.

"Ya juya wurin Garba ya ce, kai magini ne ko? Ƙasan ɗakin mene ne? Garba ya ce tayil. Guda nawa a tsawo, guda nawa a faɗi? Wallahi ko tunani bai yi ba ya faɗa, domin magini ko a kurkuku idonsa ba ya daina awo. Ku nawa ne a ciki? Ya faɗa. Taga nawa? Bayi nawa, guda nawa ke aiki? Ƙarfe nawa ruwa ke zuwa, ƙarfe nawa yake ɗaukewa? Washegari Garba ya kawo wannan daga inda yake aiki, ya ce irinsa ne sak. Muka ajiye shi a ƙasa, muka auna da rula, muka raba da yawan mutanen. Ma'arudin da muka kai layi tara ne. Babu kalmar zalunci a ciki, babu kalmar wahala. Mun ce ɗakin tayil kaza ne, mutum kaza ne a ciki, kowa ya samu faɗin tayil ɗaya da rabi, muna roƙon a aiko wanda zai ƙirga."

"Aka aiko?" in ji Anas.

"Aka aiko. Mutum ba zai iya auna wahala ba, amma zai iya ƙirga tayil da ƙafarsa. Kafin wata ya mutu an raba ɗakin biyu. Garba ya zo da gasasshiyar kaza, muka ci a ƙarƙashin lema mu uku, Ammu Salihu yana cewa barkonon mutanen Sidi zai kashe shi."

Tun daga nan, duk matar da ta zo a kan ɗanta ko mijinta, sai su ce ta koma ziyara da tambayoyi biyar a kanta. Waɗanda ba su iya riƙewa, sai a ƙulla musu a gefen mayafi, ƙulli ɗaya tambaya ɗaya. Ya ce akwai shekarun da in ka je layin ziyara za ka gane matan da suka biyo ta wurinsu da ƙulle-ƙullen mayafi. Lokacin Hindawiyya a cike take. Da yamma mai balila, dafaffen waken Larabawa, yana tsaye a bakin layi, mai tsire ɗan Sakkwato yana hura wuta, kowa ya san ɗan wa aka kama da kuma ranar zaman shari'arsa. Idan aka saki mutum, kafin ya isa gida sai ya tsaya wurin lema ya faɗi yadda ya baro ɗakin, don a san abin da za a rubuta wa na baya.

Daga baya suka sayi tafireta mai Larabci, suka kama wannan shagon. Ya nuna mini ita a ƙarƙashin benci, an rufe ta da tsohuwar darduma. Ya ce bai taɓa sonta ba, ƙararta tana hana mutane faɗin abin da ke ransu.

Anas ya ce, "To Jaddi, ai shi ke nan. A ƙirga tayil, in buga. Mutum sha bakwai ne suka yarda za su sa hannu a ɗakin su Nasiru, ko ba haka ba, Hala? A jera sunayensu a ƙasa, halas, magana ta ƙare."

Umma ta ce haka ne, sha bakwai cikin talatin da takwas. Ta ce yaron nan ya ce a fara da sunansa, tunda shi ya tattara su. Umma ba ta kiran sunan Yaya Nasiru, ɗan fari ne.

Malam Sidi ya cire tabarau ya ajiye a kan tayil ɗin. Na ji ƙarar injin rusau daga layin baya.

Shekarar da Ammu Salihu ya rasu, in ji shi, aka kawo masa aiki mafi girma da ya taɓa yi shi kaɗai. Mutum ashirin da ɗaya a ɗaki guda suka yi shawarar ba koke kawai za su kai ba, ƙara za su shigar gaban alƙali. Ruwa yana yi musu kwana biyu bai zo ba, ƙazuwa ta kama kusan kowa, wasu a zaune suke kwana ana karɓa-karɓa. Sun samu wakili da ya yarda zai tsaya musu, shi kuma Malam Sidi zai tsara takardar. Ya yi kwana shida yana aiki. Awon tayil, lokutan ruwa, sunan kowane mai ciwo da irin ciwonsa. Ya ce har yau bai rubuta abin da ya fi ta kyau ba.

"Da na zo jera sunaye, sai na yi abin da kowane ɗan mutunci zai yi. Akwai dattijo a cikinsu, Baba Ilu, mutumin Damagaram, ya haura saba'in. Rikicin takardu ne ya kai shi. Shi ke jan su salla, shi ke raba musu faɗa. Yaya za a yi in sa sunan yaro sa'an jikansa a samansa? Na sa Baba Ilu a farko, na bi da sauran bisa shekaru, kamar yadda ake zama a gaban akushi. Ammu Salihu shi ke jera sunaye da kansa kullum, bai taɓa gaya mini dalili ba, ni kuma ban taɓa tambaya ba. Sai daga baya na zauna na tuna. Wanda ya kusa fita yake sawa a sama, ko da kuwa yaro ne."

Ya ce a wurinmu na farko shi ne babba. A wurin mai karanta takarda, na farko shi ne wanda ya tayar da maganar. An yi zama, an gyara ruwa, an kawo magani, an kwashe mutum takwas daga ɗakin. Bakwai aka mayar ɗakin da ke kusa. Baba Ilu aka ɗauke shi zuwa wani gari mai nisa, takarda ta ce domin rage cunkoso. Ba wanda zai ce takardar ta yi ƙarya.

"Matarsa Inna Hajo gyaɗa take sayarwa a bakin masallacin unguwa. Ba ta da takardar da za ta wuce shingen hanya da ita. Duk sati tana ganinsa a da. Daga ranar ba ta ƙara ganinsa ba, can ya cika, can aka rufe shi. Na rubuta ma'arudi goma sha ɗaya a dawo da shi. Na ƙarshen yana hanya labari ya zo."

Umma ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Inna Hajo ba ta taɓa ce mini komai ba. Duk Juma'a in za ta wuce sai ta leƙo ta ce, Malam ina gajiya, ta ajiye mini ƙullin gyaɗa. Mutane kuwa suka yi magana. Aka ce alƙalamin Sidi yana kai mutum nesa. Shekara guda bencin nan ba wanda ya zauna a kai sai mage. In buɗe da safe, in jiƙa kushin dangwale, ya bushe, in rufe."

Ya mayar da tabaraunsa, ya gyara zaman dutsen da ke kan takardu.

Aikin da ya dawo da shi na wasu mutum tara ne, matansu suka zo tare domin babu wani mai rubutu da ke jin Hausa. Ya ce musu zai yi, amma ba takarda ɗaya ba. Kowane mutum da tasa. Awon ɗakin ɗaya ne a duka, amma koken kowa nasa ne: wannan mai ciwon suga ne, wancan gwiwarsa ba ta naɗuwa, wancan kusa da ƙofar bayi yake kwana. Kowace mace ta shigar da ta mijinta ya dangwala, kowace ta kai da hannunta, wasu da safe, wasu bayan azahar, cikin kwana uku. Mai karantawa zai ga mutum tara daban-daban, kowa da ciwonsa, duk sun faɗi adadin tayil iri ɗaya. Babu na farko, babu na ƙarshe. Haka ya ci gaba da yi shekara da shekaru, kuma ba a ƙara ɗauke masa kowa ba.

"Wannan ai ya fi sauƙi," in ji Anas. "In buga sha bakwai, in canza suna da ciwo."

"Kai dai ba ka gajiya. Takarda sha bakwai masu fuska ɗaya, ka san abin da ma'aikaci zai yi? Zai tattara su, ya daidaita bakinsu a kan teburi, ya maƙale su wuri guda. Wani zai kasance a sama. Wa kake so ya kasance?"

Malam Sidi ya ci gaba.

"Kowace sai an zauna da mai ita. Sai an ji yadda uwarsa take faɗin abin, a samo kalmar da ba ta cikin ta ɗan'uwansa. Guda biyu a rana, in an yi sauri." Ya juya wurin Umma. "Hajiya, bari mu fara da abin da ake farawa. Tayil nawa yake kwana a kai?"

Umma ta ce wallahi ba ta sani ba, ba ta san ana tambaya ba.

Ni na sani. A ziyarar ƙarshe, da Umma ta juya tana neman hankici a jaka, Yaya Nasiru ya yi mini wasa ta cikin gilashi. Ya ce, Asiya, na yi gida a nan, biyu a faɗi, huɗu a tsawo, irin wannan da kike takawa, in kin zo sai dai ki tsaya a waje. Ban taɓa magana a gaban namijin da ba ɗan gidanmu ba in ba dole. Na ja mayafin Umma na raɗa mata.

"Faɗa da bakinki, 'yar makaranta," in ji Malam Sidi. "A nan ba a karɓar saƙo."

Na ce, "Biyu a faɗi, huɗu a tsawo."

Ya jawo takarda, ya ɗora rula a kan tayil ɗinsa duk da ya san awonsa, ya fara lissafi yana girgiza kai. "Subhanallahi. Wannan ai ko yaro ba zai miƙe ba. A zaune yake kwana ke nan. Ban taɓa jin irin wannan ba." Alƙalamin yana ta karkarwa, lambar da ya rubuta ta fito kamar an taka ta.

Na dubi tayil ɗin, na dubi ƙafata. Ranar ziyarar, bayan Yaya ya faɗi haka, na ɗora takalmina a kan tayil ɗin wurin, domin ba ni da abin yi da idona in ba kallon ƙasa ba. Takalmi ɗaya bai kai ƙarshe ba, sai da na ƙara fiye da rabin wani.

Na ce, "Baba, ba irin wannan ba ne."

"Na'am?"

"Nasu ya fi girma. Kuma ba ɗigo a jikinsa, ruwan ƙasa ne."

Ya dube ni ta saman tabarau. Sai ya ɗauki tayil ɗin da hannu biyu, ya sunkuya da ƙyar ya ajiye shi a ƙasa a gabana. "Taka."

Na taka. Takalmina ya cika shi daga baki zuwa baki. Na nuna masa da yatsa inda na can zai kai. Ya miƙa wa Anas rula ya ce ya auna, Anas ya durƙusa ya auna ya faɗa. Malam Sidi ya sake lissafi, ya soke na farko da layi biyu.

"Sun sake tayil," ya ce a hankali. "Shekara nawa ina rubuta awon wannan." Ya juya wurin Anas. "Ka gani? Da na aika da lissafin farko, mai dubawa zai shiga, ya ga ba haka ba ne, ya ce duk ƙarya ne, ya fita. Abu ɗaya in ya karkace, ya kwashe sauran. Na biyun ma ya isa. Yayanki dogo ne?"

"Ya fi ƙofar kicin ɗinmu, sai ya sunkuya."

"To ƙafarsa a naɗe take kwana, ƙirjinsa a matse. Nesa da taga ko kusa?"

"Ya ce mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ɗaya ke aiki, na wajen ƙofa. Shi yana can ƙurya. Leɓensa ya yi duhu, kuma rigar da muka kai masa ta yi masa yawa a wuya."

"Hajiya, wannan yarinyar a ina kika ɓoye ta?"

Umma ta ce, "Haka take, Baba. Ba ta magana, sai kallo."

Ya yi murmushi, amma bai daɗe ba. Ya ɗaga hannunsa na dama ya riƙe shi a iska don mu gani. Yatsun suna kaɗawa kamar ana taɓa su.

"Ba zan ɓoye miki ba. Da shekara biyar baya ne, da na ce ki turo mini matan gobe. Yanzu layi uku nake yi alƙalami ya faɗi. Ranar Alhamis kuma mai gida zai karɓi makulli, ya ce yana son ya cire ƙofa da fanka kafin masu rusau su iso, ni kuma in koma unguwar Zahir wurin 'yata. Abu biyu zan iya kafin nan. In rubuta ta yaron shi kaɗai, ta je ta kwanta cikin dubu, wataƙila a duba, wataƙila a'a. Ko in rubuta guda ɗaya ta mutum sha bakwai, wadda na san za ta tayar da mai dubawa daga kujera, da sunan ɗanki a sama kamar yadda ya nema. Ni dai na gaya miki labarin Baba Ilu. Ki je ki yi shawara."

Iƙamar Umma ta ƙare tun bayan rasuwar Abba, ba a gama sabunta ta ba. In aka kai Yaya wani gari, ita ma ba za ta wuce shingen hanya ba. Ta miƙe tana gyara abaya, ta yi godiya. Anas ya ɗauko tayil ɗin daga ƙasa, ya share shi da gefen rigarsa, ya mayar da shi daidai inda yake. An fara haramar magariba, masu shaguna suna jan ƙofofi.

Na bi Umma har bakin ƙofa. A nan na tsaya ina lissafi da yatsu a cikin hannun abaya. Sha bakwai, biyu a rana. Injin rusau bai gama layin baya ba, akwai gida shida a tsaye, na ƙirga su da muna zuwa, kuma gida ɗaya suke ci a kwana biyu. Malamarmu ta Larabci takan ɗaga littafina ta nuna wa aji saboda rubutu.

Na koma ciki. Malam Sidi yana rufe gwangwanin biskit.

"An manta wani abu, 'yar makaranta?"

Tayil ɗin na kalla, ba shi ba.

Na ce, "Baba, don Allah kada ka ba da makullin ranar Alhamis. Ka roƙi mai gida kwana tara. Kai ka saurari matan, ka faɗa, ni in rubuta."